Wa Ya Ce Damina Ba Ta Ƙarewa?

'Yan'uwa mazauna Kurmi, daga Sabon Ibadan har Agege da Fatakwal, akwai maganar da masu mulki suka saba yi duk sa'ad da baitulmali ya bushe, wai matsin ya zo ba zato ba tsammani. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Arzikin ƙasa yana da damina yana da rani, kuma rani ba ya sauka sai ya aiko da alama.

Daga ƙarshen 1973 zuwa 1974 farashin mai ya ninka kusan sau huɗu. Gwamnatin Janar Gowon ta buɗe bakin jaka, aka yi ƙarin albashin Udoji, aka yi odar siminti har jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a Apapa cikin 1975, shekarar da tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ɗan kwangila ya samu, mai gadi da ɗan dako da mai tsire suka lasa, noma kuwa aka juya masa baya.

Da kasuwar mai ta fara sanyi a 1981, abin ya bi tsarinsa daki-daki. Kuɗin waje suka fara ƙarewa, gwamnati ta kasa biyan 'yan kwangila, masana'antun Ikeja suka rasa kayan aiki suka sallami leburori, daga ƙarshe ciniki ya mutu a hannun mai tireda. A Afrilun 1982 Shugaba Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu. A Janairun 1983 aka kori baƙi, amma aikin bai dawo ba, domin ba su ne suka ɗauke shi ba. A 1986 gangar mai ta faɗi ƙasa da dala 15, Janar Babangida ya kawo SAP, naira ta karye.

To, ga inda namu ya fi ciwo. A Turai in kasuwa ta faɗi tsada takan lafa, mu kuwa da yake abin da muke saye daga waje yake zuwa, aiki yana ɓacewa shinkafa tana hawa. Haka aka yi a 2016, inda tsada ta wuce kashi 18 cikin ɗari, alhali tun 2004 aka buɗe asusun rarar kuɗin mai domin irin wannan rana. Gwamnatoci suka yi ta rabonsa tun hadari bai janye ba.

Saboda haka kada wani ya ce muku ƙaddara ce kurum. Faɗuwar mai ba a hannunmu take ba, amma cinye tanadi aikin mutum ne. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi abin da ya ajiye a shekarar yalwa. Ku ma in kun ji mai ya fara sauka, ku rage ba da bashi, ku riƙe jari, kada ku sayar da gonar gida. Allah ya sa mu gane.