Wanda Ya Ja Ɗakinsa Zuwa Daji, Ya Kwana a Daji Kuwa?

A Amurka da Turai akwai wata gardama da ta ƙi ƙarewa tsakanin masu sha'awar kwanan daji. Wasu suna zuwa da tanti a kafaɗa, su kwana a ƙasa. Wasu kuma suna jan ƙaramin ɗaki mai taya a bayan mota, cikinsa da gado da firji da murhun gas da banɗaki. Masu tanti suna cewa waɗannan ba su bar gida ba, sun dai sa masa taya ne. Ni ban yarda da su ba.

Na farko, ɗakin ja ba baƙo ba ne a harkar. Tun 1885 wani likita ɗan Sikotland, William Gordon Stables, ya yi yawon shaƙatawa a Birtaniya cikin irin wannan ɗaki da dawakai ke ja. Ƙungiyar masu irinsa ta ƙasar, Caravan Club, an kafa ta a 1907. A Amurka, Henry Ford da Thomas Edison sun sha fita kwanan daji tare da masu dafa musu abinci, kuma har yau kwanan daji ake kiran tafiye-tafiyen nasu. A 1959 Wally Byam, mai kamfanin Airstream, ya jagoranci ayarin irin waɗannan ɗakuna daga Cape Town zuwa Alƙahira. Wa zai ce mutanen nan ba su ga daji ba?

Na biyu, idan wahala ce ma'auni, to makiyayin da ke kwana a bukka bisa larura ya fi duk masu tantin. Ashe wahalar da mutum ya zaɓa na kwana biyu ba abin taƙama ba ce. Kuma idan aka ce sai an kwana a ƙasa, an kori dattijo mai ciwon baya, da mai keken guragu, da uwa mai goyo. Ko a Yankari ta Bauchi, ɗakuna ne ginannu a sansanin Wikki, amma wanda ya tashi da asuba ya tarar da gwaggon biri a bakin ƙofa ya san ba a unguwarsu ya kwana ba.

Sai dai masu tanti suna da gaskiya a wuri ɗaya. Wanda ya rufe ƙofa, ya tada janareta, ya kunna talabijin har dare ya raba, bai ga taurari ba, ya kuma hana maƙwabcinsa jin kukan tsuntsu. Shi ya sa sansanoni da yawa a Amurka suke ƙayyade sa'o'in janareta. Dokar da ƙasar ta yi a 1964 ma ta keɓe wasu dazuka da ba a shiga da mota ko kaɗan.

Don haka ni a wajena, abin dubawa shi ne inda mutum ya wuni da inda ya yi hira. Idan ya hura wuta a waje, ya yi tafiya a ƙafa, ya kwashe sharansa, ya bar wa jama'a shirunsu, to ya yi kwanan daji, ko da a kan katifa ya kwanta.

Ku fa, me kuka gani?