Kada Mu Ɗaura Ran Yaran Mota A Ƙarfen Da Ba Shi Da Lamba

Muna so mu yi amfani da wannan fili mu ja hankalinmu kan wani abu da muke rainawa, alhali kuwa yana iya cin rai cikin ƙiftawar ido. Abin nan shi ne ƙarfen da ake ɗaura wa igiya ko sarƙa a bayan a-kori-kura idan mota ta kafe a laka ana son fisgo ta.

Kowa ya san aikinmu ba ya ƙarewa a bakin kwalta. Manyan motoci suna bin hanyar Wagadugu da Bobo su shigo Kwaddibuwa ta Wangolo, ko su taso daga Sikaso su biyo ta Pogo, sannan Ferke, Katiyola, Buwake, Yamusukuro har Abijan. Amma kafin sa ya hau babbar mota sai an je an same shi a ruga ko a kasuwar ƙauye, kuma Hilux da Land Cruiser ne ke kai mu can, ɗauke da dillalai da dusa da ruwa da maganin dabbobi. A arewacin ƙasar nan, wajen Korhogo da Bundiyali da Tengirela, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Nan Abijan kuma Yuni ne watan ruwa, ga shi Babbar Sallah ta 2023 da 2024 da 2025 duk a Yuni ta faɗo, lokacin da kowa ke sauri. Ko a cikin gari ma, da aka tashi kasuwar dabbobi daga Port-Bouët zuwa Adjamé a 2024, wanda ya shiga fili da mota bayan ruwa ya san abin da kofaton shanu ke mayar da ƙasa. To, kafewa dai ba makawa. Maganar ita ce, da me za a ja, kuma a ina za a ɗaura?

Ra'ayinmu a taƙaice: duk ƙarfen da ba a buga masa lambar nauyin da yake ɗauka a jikinsa ba, kada ya shiga aikin jan motar ɗan ƙungiya, ko kyauta aka ba shi. Haka kuma kada a ƙara rataya igiyar ja a kan ƙwallon ƙarfen nan na bayan mota.

Bari mu fara da ƙwallon, don shi ne ya fi yaudarar mutane. Ga shi a fili, ga santsi, ga sauƙin rataya madauki. Amma an yi shi ne don jan ƙaramar tirela mai tayoyi a kan hanya mai kyau. Faɗinsa milimita 50 ne, wuyansa kuma bai kai haka kauri ba. Idan aka ce mota tana jan tan 3.5, ana nufin kayan da ke gungurawa a hankali, ba motar da laka ta riƙe ana fisgarta da gudu ba. In wuyan nan ya karye, igiyar da ta talu sai ta harbo shi kamar dutse a gwafa, ya fasa gilashin motar da ke baya, daidai inda direba yake zaune. A Ostireliya, inda jama'a ke yawan shiga daji da irin motocinmu, an yi ta rasa rayuka ta wannan hanya, har gwamnati ta kafa doka, wadda aka sabunta a 2017, cewa duk igiyar fisgar mota da za a sayar sai an rubuta ƙarfinta a jikinta tare da gargaɗin kada a ɗaura ta a kan ƙwallo. Mu da ba mu da irin wannan doka, sai mu yi wa kanmu.

Mu masu shanu ya kamata mu fi kowa gane wannan. In ka ɗaure bijimi mai ƙarfi da sabuwar igiya a ruɓaɓɓen turke, ya zabura, ai turken ne zai tashi sama, kuma wanda ke tsaye kusa shi zai sha. Haka abin yake a mota. Ka'idar da masu wannan sana'a suka yarda da ita ita ce, in har wani abu zai tsinke, to igiya ce ya kamata ta tsinke, ƙarfe ya zauna daram. Igiya in ta tsinke bulala ce, ƙarfe in ya tashi harsashi ne.

Yanzu mu zo ga lissafi, tunda fatake ba sa tsoron lissafi. Land Cruiser a-kori-kura da kayanta tana kai wajen tan 3.5. A littafin da sojojin Amurka ke koyon ceto motocinsu da shi, an ƙiyasta cewa motar da ta nutse a laka zuwa tsayin tayoyi tana buƙatar ƙarfin ja daidai nauyinta, in lakar ta haura tayoyi ta kama jiki sai a ninka biyu, in ta kai ɗakin direba a ninka uku. Wato motar tan 3.5 tana iya zama tan 7 ko 10 a hannun laka. Shi ya sa ake son igiyar fisga ta nailan wadda ƙarfin tsinkewarta ya ninka nauyin motar sau biyu zuwa uku, kuma ana lissafi ne da motar da ta fi rashin nauyi a cikin biyun. Ga irin motocinmu, igiya mai tan 8 ta yi. Kada a ce bari a sayi mai tan 15 don a more. Wadda ta yi wa mota girma ba ta talewa yadda ya kamata, sai duk bugun ya sauka a kan ƙarfe da shasi.

Sai zoben ƙarfe mai ƙusar murɗawa, wanda masu shago a nan ke kira manille da Faransanci. Na ƙwarai za ka ga haruffan WLL ko CMU a jikinsa, da lamba kamar 3.25 ko 4.75 ko 6.5, da alamar kamfanin da ya ƙera. Lambar nan nauyin aikinsa ce ta yau da kullum, amma ba ya karyewa sai an ninka ta sau biyar ko shida. Ke nan zobe mai tan 4.75 zai jure fiye da tan 20 kafin ya saki, igiyar tan 8 kuwa ta daɗe da tsinkewa. Wannan shi ne daidai. A lura da bambancin: lambar igiyar fisga inda take tsinkewa ce, lambar zobe inda yake aiki lafiya ce. Mai shagon da ya kasa bambance maka su, to kada ka sayi komai a hannunsa.

Zoben kansa yana buƙatar mazauni. Motocin da aka sa wa ƙarfen ja mai rami murabba'i, mai faɗin milimita 50, ana zare ƙwallon gaba ɗaya a zura dunƙulen ƙarfe mai huda a madadinsa, a tokare da ƙusa mai kaurin milimita 16, sannan a sa zobe a hudar. Wasu kuma ƙugiya mai murfi suke da ita, irin ta motocin soja, ita ma ta yi in tana da lamba kuma murfinta yana kullewa. Abin dubawa shi ne yadda aka haɗa ƙarfen da shasi. A leƙa ƙarƙashin mota a ga notuna, a kan kowanne a nemi 8.8 ko 10.9. In walda kawai aka yi aka manna shi da bamba, ko ramukan sun ci tsatsa, to ado ne. Haka ƙananan kunnuwan ƙarfen da ke ƙarƙashin wasu motoci, da yawansu don ɗaure mota a jirgin ruwa aka yi su, ba don fisga ba.

Sarƙa fa? Mun gaji sarƙa daga direbobin manyan motoci, kuma tana da wurinta. Ta ƙwarai akan buga 8 ko 80 a wasu zobbanta, mai kaurin milimita 10 tana aiki da wajen tan 3, mai 13 wajen tan 5. Amma sarƙa ba ta talewa. A ja ta a hankali bayan ta miƙe, kada a taɓa ɗaukar gudu a fisga da ita, domin a nan ne shasi ke lanƙwashewa, ƙugiya ta buɗe baki. Kuma don Allah a daina ɗaura a-kori-kura a jikin tirela cike da shanu. Wannan aikin katafila ne ko wata babbar mota 'yar'uwarta.

Mun san abin da wasu za su ce. Na farko, tsada. To, mu auna. Igiya da zobe biyu da dunƙulen ƙarfe, duka kuɗinsu bai kai na sa ɗaya ba, mu kuma muna loda gomman shanu a tafiya guda. Araha ba ta ado. Na biyu, za a ce mai waldarmu gwani ne, shekara da shekaru yana mana aiki. Ba mu raina masu walda ba, su suke yi mana keji da ƙofar mota. Sai dai ba su da na'urar gwada ƙarfe, kuma ƙarfen da aka yanko daga kasuwar tsofaffin motoci ba wanda ya san wahalar da ya sha a baya. Na uku, za a ce ai lambar ma ana bugawa ta jabu. Gaskiya ne, mun ga zoben da aka saya a wani shago da lamba ɓaro-ɓaro a jikinsa, ya buɗe a ja na farko. Maganin wannan shi ne a sayi kaya inda kamfanonin da ke aikin tashar jirgin ruwa da masu ɗaga kaya da kuren suke saye, a nemi rasiɗi da takardar shaidar kamfani. Abijan gari ne mai tashar jirgin ruwa, irin waɗannan shaguna ba su ɓuya ba. Jabun kuɗi ba ya sa a daina karɓar kuɗi, sai dai a koyi dubawa.

Akwai kuma masu cewa in kwana ya ƙare ya ƙare. Haka ne, amma dukkanmu mun koya tun muna allo cewa tawakkali ba ya hana ɗaure dabba. Mu tuna wane ne ke tsayawa kusa da igiya idan ana ja. Alhaji yana gefe ƙarƙashin bishiya. Yaron mota ne, da makiyayin da muka ɗauko, da yaran ƙauyen da suka taru kallo. Iyayensu amana suka ba mu. Kisan kuskure yana da diyya da kaffara a addini, a wajen hukuma kuma jandarmomi ba za su tambayi mai shago ba, mai mota za su nema.

Kayan kirki ma sai da hannun kirki. Kafin a ja, a sa shebur a haƙe gaban tayoyi, a sauke wani abu daga kaya, a rage iskar taya kaɗan. A fara gwada ja a hankali kafin a ɗauki gudu. Motocin biyu su daidaita a layi ɗaya, kada a ja a karkace. A ɗora buhun dusa da ba a cika ba ko bargo mai nauyi a tsakiyar igiya don ya danne ta in ta tsinke. Kada a haɗa igiya biyu da zoben ƙarfe a tsakiya. Jama'a su ja gefe, nesa da fiye da tsawon igiyar da rabi, mutum ɗaya tak ya riƙa ba direbobi alama. Igiyar da ta yanke ko ta sha rana har ta bushe, a yar da ita. Wadda ta sha laka a wanke a shanya a inuwa.

Don haka muna ba shugabanni shawara guda uku. Ƙungiya ta tara kuɗi ta sayo waɗannan kaya a sari daga wuri ɗaya amintacce, ta sayar wa 'yan'uwa a kan kuɗin da ta sayo. A sa rana kafin damina, misali wata Juma'a bayan an sauko daga Babban Masallacin Treichville, inda da yawanmu da ke Treichville da Adjamé muke haɗuwa, a tsayar da wuri da lokacin da kowa zai kawo motarsa wani makanike da ya san aikin ya leƙa ƙarƙashinta. Sannan a zaunar da direbobi da yaran mota a nuna musu da hannu, da Hausa da Fillanci da Julanci, domin da yawansu ba za su karanta wannan takarda ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai samu ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya, amin.

Wassalam.