Sharhi: Awon Yaro Shi Kaɗai

Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a nan birnin Sakkwato a watan Satumban 1999, masu binciken ilimi ba su daina shiga ajujuwa da agogo da takardar gwaji ba, kuma kusan kullum abu ɗaya suke aunawa, wato yaro shi kaɗai. Ana ba shi minti ɗaya ya karanta wasu kalmomi, a rubuta makinsa, a tafi, sai ka ce a minti ɗayan nan aka haife shi.

Abin da masana ke kira tunanin tsari, wato kallon al'amari a matsayin sassa da ke juya juna, ya nuna cewa irin wannan awo gurgu ne. Yaron Mabera ko Gidan Igwai da aka auna da hantsi ya riga ya yi karatun allo da asuba, zai tafi Islamiyya da la'asar, kuma ƙila yana karanta baƙaƙen Larabci da wasullansu tiryan-tiryan, amma takardar gwajin ba ta san da wannan ba. Idan ya faɗi, malami ya koma ga hadda, iyaye su ga ba biyan bukata su tura shi talla, fashin makaranta ya yawaita, malamin ya sake komawa farkon littafi. Sakamako ya zama sanadi, wanda shi ne zagayen da awon yaro shi kaɗai ba zai taɓa gani ba.

Ga kuma zafi, wanda rahotanni kan tsallake. Ajin kwano marar silin a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ba wurin da za a yanke wa ƙwaƙwalwar kowa hukunci ba ne, balle ta ɗan shekara bakwai da bai karya kumallo ba, alhali shi mai awon a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki zai rubuta sakamakon.

Abin takaicin shi ne garin nan ba baƙon tunanin tsari ba ne. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta lura cewa matan aure a karkara ba sa iya barin gida, sai ta naɗa dattijan mata da ake kira jaji su riƙa kai musu karatu cikin waƙa, domin ta auna gida da hanya da harshe tare. Masu agogo kuwa har yau yaro suke aunawa, shi kaɗai.