Kansar mama: Yadda likita mai cikakkun takardu ya cuci ɗaruruwan mata a Ingila

Tun watan Oktoban 2024 wata kotun binciken musabbabin mutuwa a birnin Birmingham na Ingila ta fara bin diddigin rasuwar mata fiye da 60, waɗanda duk likita ɗaya ne ya yi musu tiyatar kansar mama. Likitan, Ian Paterson, yana gidan yari tun 2017.

Paterson ba likitan bogi ba ne. Ya gama karatun likitanci a Jami'ar Bristol a 1981, ya kai matsayin babban likitan tiyata, kuma har zuwa 2017 sunansa na cikin rajistar hukumar likitocin Birtaniya. Duk takardar da majinyaciya za ta nemi gani, a lokacin yana da ita.

Ta'asar tasa kala biyu ce. A asibitin gwamnati na Solihull, idan aka tsara za a cire wa mace mama gaba ɗaya, sai ya bar wani ɓangare na tsokar, wai don kada surar ƙirjinta ta ɓaci. Babu wata hukuma da ta amince da irin wannan aiki, domin a tsokar da aka bari cutar ke iya sake tsirowa. A asibitoci masu zaman kansu na kamfanin Spire kuwa, tsorata mutane yake yi da cewa suna cikin haɗarin kansa, ya yanke su ba tare da suna bukatar tiyata ba.

A 2017 kotu ta same shi da laifin raunata mutum 10, mata tara da namiji ɗaya, ta ɗaure shi shekara 15. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin shekara 20. A shekarar ne kuma aka ware fam miliyan 37 domin biyan diyya ga majinyata kusan 750.

Tambayar ita ce, ina sauran ma'aikatan suke?

A tsarin zamani, maganin kansar mama ba aikin likita ɗaya ba ne. Akwai likitan da ke karanta hoton mama, da likitan ɗakin gwaje-gwaje da ke duba ɗan tsokar da aka ciro ya tabbatar kansa ce ko a'a, da likitan da ke ba da maganin kemo, da mai kula da gashi, da ma'aikaciyar jinya da ta ƙware kan cutar, sannan shi mai tiyata. Sukan zauna, yawanci mako-mako, su baje bayanan kowace majinyaciya kafin a yanke shawarar abin da za a yi mata. Amfanin zaman shi ne idan ɗaya ya kauce, sauran su gani.

A Solihull an gani ɗin. Tun 2003 wani likitan kansa ya koka kan yawan tsokar da yake tararwa a jikin matan da aka ce an cire musu mama. A 2007 aka umarci Paterson ya daina, bai daina ba. Sai a 2011 aka dakatar da shi. Kai, tun a 1996 wani asibitin da ya fara aiki ya taɓa dakatar da shi, amma hakan bai hana a ɗauke shi sabon aiki a 1998 ba.

Rahoton kwamitin binciken da Bishop Graham James ya jagoranta, wanda ya fito a Fabrairun 2020, ya zargi mahukuntan lafiya da kawar da kai da gangan. Ya nuna cewa a asibitoci masu zaman kansu Paterson ba ma'aikacinsu ba ne, izinin ganin majinyata kawai aka ba shi, don haka da rigima ta tashi kowa ya nemi zame kansa. Cikin shawarwari 15 da kwamitin ya bayar har da buɗe kundi guda da jama'a za su iya dubawa su ga inda kowane babban likita ke aiki da yawan tiyatar da ya yi, da tabbatar da zaman tawaga a kowane asibiti, da bai wa majinyaci lokacin yin tunani kafin ya sa hannu a yanke shi.

A ganina wannan batu na yawan aiki ya fi digirin da ke rataye a bango faɗa wa majinyaciya gaskiya. Ƙungiyar ƙwararru kan kansar mama ta Turai, EUSOMA, ta sa sharaɗin cewa cibiya ta riƙa karɓar aƙalla sabbin majinyata 150 a shekara, kowane likitan tiyata kuma ya yi wa aƙalla 50 aiki. Hannun da ke yin abu kullum ba ɗaya yake da wanda ke yin sa jefi-jefi ba. Amma shi ma wannan ma'auni bai isa shi kaɗai ba, domin Paterson ya yi tiyata birjik.

Abin da ke da hujja mai ƙarfi shi ne zaman tawagar. Wani bincike da mujallar BMJ ta wallafa a 2012 kan mata fiye da 13,000 a yammacin Scotland ya gano cewa bayan an fara tsarin a yankin Glasgow a 1995, mace-mace sanadin kansar mama sun yi ƙasa da kashi 18 cikin 100 idan aka kwatanta da makwabtan yankunan da ba su fara ba.

A Najeriya, inda alƙaluman cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna cewa a 2022 mata fiye da 32,000 suka kamu da cutar, fiye da 16,000 kuma suka rasu, matakin farko ma bai gama zama ba. Mutane da yawa ba su bambanta likitan da ya gama jami'a da ƙwararren likitan tiyata. Na farko ya yi shekara shida a jami'a da shekara guda ta sanin makamar aiki, hukumar MDCN ta ba shi lasisi. Na biyu sai ya ƙara wasu shekaru biyar zuwa shida yana horo a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa da ke Legas ko kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma. Shi ne za ki ga FMCS ko FWACS bayan sunansa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne a ciro ƙululu daga mama a ƙaramin asibiti, a jefar ba tare da an kai shi ɗakin gwaji ba. Gwajin nan ne ke nuna irin kansar, shi ne kuma ke nuna ko maganin tamoxifen zai yi aiki, ko kuwa irin wadda ake kira HER2 ce mai bukatar trastuzumab. Idan tsokar ta tafi, likitan da zai karɓi majinyaciyar daga baya a Shika ko asibitin Malam Aminu Kano lalube zai fara da shi.

Don haka kafin a shiga ɗakin tiyata, majinyaciya ko danginta na da haƙƙin tambaya: an ɗebi tsoka an gwada, ina sakamakon? Su wane ne suka zauna a kan takarduna bayan kai? Sau nawa ka yi irin wannan aiki a bana? Za ki iya karɓar kwafin sakamakon ki kai wa wani ƙwararren ya duba kafin ki sa hannu.