Lambar Waya Ma Rumfa Ce, Ku Daina Zubar Da Ita



Kwanan baya ina kakkaɓe akwatin takardun Baba na ci karo da tsohon littafin rasit na shagonsa, a samansa an buga lambar wayar girke mai farawa da 061, wato lambar Kafanchan. Ya ce da ita dillalan citta na Kano da Legas ke samunsa. Da GSM ta shigo ƙasar nan a 2001 ya daina biyan kuɗin layin da kansa, ya koma salula, lambar ta bi ruwa. Shi ban ga laifinsa ba, a wancan lokaci babu hanyar ɗaukar lambar girke a kai ta wani wuri. NITEL ɗin ma ta sha hannu, Transcorp ta saya a 2006, gwamnati ta ƙwace a 2009, daga baya aka sayar wa NATCOM.

A Ingila kuwa, da suka tashi kashe tsofaffin layukan girke su mayar da kira ta intanet, sai suka bar wa mutane lambobinsu. A cire waya daga bango a jona ta a akwatin intanet, lambar da kaka ta haddace shekara 40 tana nan daram.

Mu fa? Tun watan Afrilun 2013 hukumar NCC ta ba kowa damar canza kamfanin salula ba tare da ya rasa lambarsa ba. Ka je ofishin sabon kamfanin da katin shaidarka, ka tura PORT zuwa 3232, shi ke nan. Amma ku zaga kasuwa ku karanta allunan shaguna. Wani lamba uku a jikin allonsa, biyu sun mutu, ta ukun kuma in ka kira wata mata ce za ta ɗauka a Fatakwal, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani kan sake sayar da shi. Sabis ya ɗan yi rauni kwana biyu, sai mutum ya jefar da layi ya sayi sabo, wai ai araha ne. To layin ne mai araha malam, cinikin da ke bin lambar fa? Shi ma arahar ne?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Iyayenmu sun ga 1987, sun ga 1999, a Afrilun 2011 kasuwar Kafanchan ta ƙone ina ƙaramin yaro. Mutane suka watse, wasu Kaduna, wasu Jos, wasu Zariya. Baba ya ce waɗanda suka fi saurin miƙewa su ne waɗanda abokan hulɗarsu suka iya samunsu a waya. Manomin Kwoi ko Kachiya da ya saba kawo maka citta bai san inda ka koma ba, lambarka kawai ya sani. Wuta ta ci rumfa, ta ci buhuna, ba ta ci lamba ba. Sai ga shi abin da wuta ta bari mu muke zubarwa da hannunmu.

Wani abokina ya ce ai yanzu zamanin WhatsApp ne, wa ke kiran layi? Na tambaye shi, WhatsApp ɗin a kan me ka buɗe shi? Ranar da aka sayar wa wani tsohon layinka, shi zai iya buɗe WhatsApp da lambar da masu bin ka bashi da waɗanda kake bi suka sani, saƙon banki ma can zai riƙa zuwa in ba ka canza ba.

Sannan ga masu barin yaron shago ya yi wa layin kasuwanci rajista da NIN ɗinsa. Alhaji, Allah ya ƙara girma, a takarda layin nan na yaron ne. Ranar da kuka raba gari zai tafi da shi, kuma kwastomomin da ka tara shekara goma shi za su riƙa kira. Na shagonmu na kai Baba an mayar da shi sunansa tun kafin azumi, allon ma na sa an goge matattun lambobi biyu.