Ɗan Aike Marar Kunne

A da idan dattijo zai yi aike yakan duba hankalin yaro kafin ya ba shi saƙo. Yau kuwa 'yan kasuwa da ƙungiyoyi sun miƙa wannan aiki ga na'ura: a zuba mata sunayen abokan ciniki, a yanka mata lokaci, ita kuwa ta riƙa watsa wasiƙun talla ta imel ba dare ba rana. Akwai sauƙi, ba shakka, amma fa ɗan aiken nan ba ya ji, ba ya gani, bai kuma san kunya ba.

A watan Disamba na 2011 jaridar New York Times ta Amurka ta shirya wasiƙa domin mutum 300 da suka daina sayenta, sai wasiƙar ta faɗa hannun mutum fiye da miliyan 8. A 2014 kamfanin hotuna na Shutterfly ya aika wa tarin jama'a barka da haihuwa, alhali cikinsu akwai matan da suka yi ɓari da waɗanda suka daɗe suna neman haihuwa. To, in wuta ta kama masu ruwa a hannu, ina ga ɗalibin da ke sayar da turare domin ya biya kuɗin makaranta?

Babban abin takaici shi ne ranar da na'urar ta kwafsa. Ka kai kuka ga kamfanin da ka yi haya a wurinsa, sai wata na'urar ta amsa maka, ta ba ka lambar ƙorafi, ta ce ka yi haƙuri. Kafin mutum mai jini a jika ya waiwaye ka, an riga an yi ɓarnar, kuma sunanka ne a ƙasan wasiƙar.

A 2024 kamfanin jiragen sama na Air Canada ya nemi ɗora laifi a kan na'urarsa mai amsa tambayoyi, wadda ta gaya wa wani fasinja abin da ba haka ba game da ragin kuɗin tikiti. Kotun sauraron ƙananan ƙararraki ta ƙi, ta ce ya biya. Hukuncin nan ya yi daidai, kuma ya hau kanmu mu ma: wanda ya yi aike shi ke da alhakin saƙo.

Saboda haka, kafin ka biya ko kwabo, aika wa kamfanin tambaya mai wuya, ka ga ko mutum ne zai amsa, kuma cikin kwana nawa. Ka biya wata-wata, kada ka ɗaure kanka da shekara. Ka adana kwafen sunayen abokan cinikinka a wurinka, ka sa naka sunan a ciki domin ka ga abin da suke gani. Ka gwada kowane saƙo da mutum goma kafin dubu, ka kuma san yadda ake tsayar da na'urar tun ba ta fara gudu ba.

Ita dai ba ta da kunne, amma mu muna da shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.