Wasan kwamfutar da ke nuna inda kaya ke maƙalewa a hanya

A ranar 29 ga Maris ɗin 2021 aka janye katafaren jirgin ruwan Ever Given da ya gitta a mashigin Suez na ƙasar Masar, bayan ya shafe kwana shida ya tare hanya, jirage sama da 400 na jiran wucewa. Kwana uku bayan haka, wani tsohon wasan kwamfuta mai suna OpenTTD ya shiga dandalin wasanni na Steam, kuma kyauta.

Babu abin da ya haɗa abubuwan biyu sai dacewar lokaci. Amma duk wanda ya taɓa kwana yana buga wasan ya gane abin da ya faru a Suez tun kafin masana su fara sharhi: abu ɗaya ya tsaya a wurin da babu wata hanyar kaucewa, sai duk abin da ke bayansa ya tsaya.

Tun daga lokacin kuma maganar safarar kaya ba ta bar kanun labarai ba. Ƙarancin ruwa ya rage zirga-zirga a mashigin Panama a 2023, hare-haren 'yan Houthi a Bahar Maliya kuma suka tilasta wa manyan jirage zagayawa ta kudancin Afirka. Shi ya sa wasan da asalinsa ya haura shekara 30 ya cancanci a sake duba shi, a ga abin da ya faɗa daidai da kuma inda ya yi shiru.

Yadda wasan yake

Asalinsa Transport Tycoon ne, wanda Chris Sawyer ɗan Scotland ya rubuta, aka fitar a 1994. A 2004 masu sha'awarsa suka fito da OpenTTD, suka buɗe shi ga kowa ya gyara ya ƙara, kuma har yau 'yan sa-kai ne ke kula da shi. A ƙarshen 2024 kamfanin Atari ya sayi haƙƙin mallakar tsohon wasan daga hannun Sawyer, alamar cewa har yanzu ana ganin akwai kuɗi a cikinsa.

Ɗan wasa kan fara ne a shekarar 1950 da bashin banki da taswira mai ɗauke da garuruwa da gonaki da ma'adinai da masana'antu. Ba shi ke noma ba, ba shi ke haƙa ba. Shi ɗan dako ne kawai: ya shimfiɗa layin dogo, ya sayi jiragen ƙasa da manyan motoci da jiragen ruwa, a biya shi gwargwadon yawan kaya da nisan tafiya da kwanakin da kayan suka yi a hanya.

Mafi sauƙi shi ne kwasar kwal daga mahaƙa zuwa tashar lantarki. Mai wuyar ita ce doguwar sarƙa: a kai tama masana'antar ƙarfe, a ɗauki ƙarfen zuwa masana'antar kayan masarufi, sannan a rarraba kayan a garuruwan da suka isa karɓarsu. Idan zobe ɗaya ya tsinke, jiragen da ke gaba sai su yi ta jira a tasha babu lodi, alhali kuɗin kula da su na ci gaba da fita.

Nasara ce ke jawo cunkoso

A nan wasan ya fi nuna gwaninta. Kowace tasha tana da maki a kan kowane irin kaya. Makin na hawa idan jirage na zuwa a kai a kai kuma suna da sauri, yana sauka idan kaya suka taru ba a kwashe ba. Gwargwadon makin ne mahaƙa ko gona ke miƙa wa tashar abin da ta samar. Idan ya faɗi ƙasa da rabi, kayan da ke jibge sai su fara ɓacewa, kamar dai amfanin gonar da ya ruɓe a bakin titi yana jiran mota.

Idan kuma ana kwashe fiye da kashi 60 cikin 100 na abin da mahaƙa ke fitarwa, ta fi yiwuwa ta ƙara yawan haƙa. Labari mai daɗi ke nan, har sai an ga abin da ke biyo baya.

Kaya sun ƙaru, sai ɗan wasa ya ƙara jirgi. Suka sake ƙaruwa, ya sake ƙarawa, duk a kan layin da aka gina wa jirage biyu. Wata rana sai jirgi ɗaya ya tsaya a bakin tasha yana jiran a ba shi wuri, taragunsa na baya sun tare mararraba. Wanda ke cikin tashar ya gama lodi amma ba shi da ta inda zai fita. Na waje ba zai shiga ba sai na ciki ya fita, na ciki ba zai fita ba sai na waje ya matsa. Kafin a ankara layin ya cika har masana'antar ƙarfe, ita ma ta daina samun tama, maki ya zube a tashoshin da ba su san hawa ba su san sauka ba.

Sabon shiga yakan ga kaya jibge ya ɗauka jirage ne suka yi kaɗan, ya je ya ƙaro wasu. Ya ƙara wa Barno dawaki ke nan. Tsofaffin 'yan wasa sun san maganin yana mararraba: a bar filin da zai ɗauki tsawon jirgi guda bayan kowace mahaɗa, a sa danja yadda jirgi ba zai shiga ba sai ya ga mafita, a gina gada inda layuka ke gicciye, a yi tashar da ake shiga ta gefe ɗaya a fita ta ɗayan.

Wanda ya san hanyar tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas a shekarun da tireloli ke kwana da kwanaki a kan gada, ya san wannan hoton. Tsarin Eto da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta ɓullo da shi a watan Fabrairun 2021 dabara ɗaya ce da danjar wasan: mota ta jira a garejin da aka ware, kada ta hau titi sai an kira ta.

Akwai kuma masana'antar da aka gina amma babu abin sarrafawa. A wasan, wadda ta yi shekaru ba a kai mata kaya ba rufewa take yi. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano, wadda aka buɗe a 2016 don sarrafa tan 1,200 a kullum, ta sha tsayawa saboda rashin isasshen ɗanyen tumatir, a yankin da kwandunansa ke lalacewa a hanyar zuwa kasuwannin kudu. Ginin da injinan su ne ɓangare mai sauƙi.

Inda wasan ya rufe ido

Sai dai wanda zai ɗauki OpenTTD a matsayin malami, ya kamata ya san inda malamin ke rufe ido.

Tashar lantarkin wasan ba ta taɓa cewa kwal ya ishe ta ba. Ko nawa aka kai za ta karɓa, farashin dako ba ya faɗuwa don kaya sun yi yawa. Kuma tunda nisa ake biya, ɗan wasa mai wayo kan tsallake tashar da ke kusa da mahaƙa ya kai kwal ɗin can ƙarshen taswira don ya ninka riba. Ɗan kasuwar da ya yi haka a zahiri ba zai kai ƙarshen shekara ba. Wasanni na baya-bayan nan irin su Transport Fever 2, na kamfanin Urban Games na Switzerland da ya fito a 2019, sun ɗan gyara wannan: masana'anta na samarwa ne gwargwadon buƙatar mai karɓa, wasu kuma ba sa aiki sai an haɗa musu kaya iri biyu.

Babban giɓin shi ne mutane. Jirgi na iya lalacewa a wasan, amma babu shingen bincike, babu 'yan fashi, babu takardun kwastam, babu direban da ya gaji. Siyasar da ke ciki ba ta wuce majalisar gari ba, wadda ke fushi idan an sare mata itatuwa ko an rushe gidaje, ta hana gina tasha. Ana lallashinta da dasa bishiyoyi. Akwai ma maɓallin ba ta toshiyar baki, tare da yiwuwar a kama mutum, kuma wataƙila nan ne masu wasan suka fi kusantar gaskiya ba tare da sun yi niyya ba.

Abin da babu shi kwata-kwata a taswirar shi ne iyakar ƙasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ECOWAS ya rufe gadar da ta haɗa Malanville ta Benin da Gaya, hanyar da mafi yawan kayan Nijar ke bi daga tashar Kwatano. Titin yana nan, gadar tana nan, motocin suna nan, amma babu wucewa. Ko da ƙungiyar ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, hukumomin Yamai sun bar ɓangarensu a rufe.

Sai kaya suka koma sauka a tashar Lome ta Togo, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji saboda masu ɗauke da makamai. A wasan, wannan ƙarin nisa ba ya taɓa aljihun mai sayen kaya. A kasuwannin Yamai kuwa, a farashin buhun shinkafa ya fito.